Malamin Lambu

Wanda duk ya bi bakin Kogin Haɗejiya cikin watannin ɗari, ya ga abin da zai faranta masa rai. Tudu ya bushe ƙayau, ciyawa ta yi fari, iskar hunturu tana kaɗawa, amma fadama tana nan kore shar. Ga tumatir da tattasai da attaruhu, ga albasa da kankana da kuɓewa, ga masu lambu suna ta kai da kawowa tsakanin fangali da fangali, suna jan ruwa. Da yawa daga cikinku 'ya'yan masu lambu ne, kun san wannan aiki tun kuna ƙanana. Abin da watakila ba ku sani ba shi ne, akwai manyan makarantu inda ake zuwa musamman don koyonsa. A kansu za mu yi magana yau.

Bari mu fara da kogin, gama shi ne tushen arzikin ƙasarmu. Kogin Kano da Kogin Challawa su ne suka haɗu suka zama Kogin Haɗejiya. A zamanin kakanninmu, kogin yakan cika da damina ya malale fadamu, in rani ya yi ya janye, ya bar danshi da ƙasa mai ƙarfi. A nan ake lambu, ana ɗebo ruwa da jigo. Cikin 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, cikin 1992 kuma aka gama ta Challawa. Daga nan halin kogin ya sāke. Ana samun ruwa da rani fiye da dā, har aka haƙa hanyoyin ban ruwa a wajen Auyo, injin ban ruwa kuma ya maye gurbin jigo. Amma kowane amfani da tasa wahala. Da yake ruwa ya daina ƙafewa a waɗansu wurare, ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki masu yawa.

To, kun ga lambun yau ba irin na jiya ba ne. Dabarun da muka gada masu kyau ne, kada kowa ya raina su. Amma akwai sababbin matsaloli waɗanda kakanninmu ba su taɓa gani ba. Ga misali. Cikin 2016 wata ƙaramar tsutsa ta faɗa wa tumatir a jihohin Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna. Asalinta daga Amurka ta Kudu ne. Takan shiga cikin ganye ta ɓuya, tana ci daga ciki, har maganin feshi ya kasa kai mata. Manoma da yawa suka yi asarar wahalarsu ta shekara, tumatir ya yi tsada ƙwarai a kasuwannin ƙasar nan. Maƙiyi irin wannan ba a yaƙarsa da ƙarfin damtse kaɗai, sai an san inda yake kwana, da yadda yake haihuwa, da lokacin da ya fi rauni. Sanin waɗannan abubuwa kuwa shi ne aikin malamin lambu.

Ina ake koyon wannan ilmi? Ba sai an tafi nesa ba. A cikin garin Haɗejiya akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman, wadda dā ma kwalejin aikin gona ce, kuma har yanzu ana koyar da ilmin noma a cikinta. A Ɗambatta akwai Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako, a Zariya akwai ta Samaru. A Dadin Kowa, cikin Jihar Gombe, Gwamnatin Tarayya ta kafa kwaleji cikin 2002 musamman don ilmin lambu. Akwai kuma cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, wadda aka kafa a Ibadan cikin 1975, tana da reshe a Bagauda ta Jihar Kano. A Dutse kuma akwai tashar binciken dabino.

Hanyar shiga waɗannan kwalejoji a fili take. Yaro ko yarinya ya gama firamare, ya yi shekara shida a sakandare, ya ci jarrabawa da kyau, musamman Turanci da lissafi da kimiyya. In an ɗauke shi, sai ya yi shekara biyu ya sami ƙaramar difloma. Sa'an nan ya fita ya yi aiki shekara guda don hannunsa ya faɗa, kana ya komo ya ƙara shekara biyu ya sami babbar difloma. Kada ku zaci zaman aji ne kurum. Ɗalibin lambu yakan riƙe fartanya kamar yadda yake riƙe alƙalami, kuma akan duba shukarsa kamar yadda akan duba littafinsa.

Abu na fari da yake koyo shi ne sanin ƙasa da ruwa. Yakan gane bambancin jigawa da laka, ya san wadda take riƙe ruwa da wadda take sakinsa da sauri. Yakan koyi cewa yawan ban ruwa ɓarna ne, domin saiwa tana bukatar iska kamar yadda take bukatar ruwa. Har wa yau, in ruwa ya daɗe yana kwanciya a gona, rana takan busar da shi ta bar kanwa a bisa ƙasa, shuka ta ƙi yi.

Na biyu shi ne renon iri. Ba a yafa irin tumatir a gona kai tsaye. Akan fara renonsa a ƙaramin wuri mai laushin ƙasa, a yi masa 'yar inuwa, sai ya yi kamar mako huɗu ko biyar kana a dasa shi, da yamma, lokacin da rana ta yi sanyi. Ɗalibi yakan koyi kuma cewa tumatir da tattasai da gauta da barkono dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Saboda haka ba a maimaita su a fili guda shekara da shekaru, sai a sāke da albasa ko masara ko wake.

Na uku shi ne auren itatuwa, abin mamaki ƙwarai. In ka shuka ƙwallon mangwaro, za ka jira shekara shida ko fiye kafin ka sha, kuma ba ka da tabbacin 'ya'yansa za su yi zaƙin uwarsa. Amma malamin lambu yakan yanko ɗan reshe daga itace mai kyawawan 'ya'ya, ya tsaga kan ƙaramin dashe, ya cusa reshen a ciki, ya ɗaure tam. Bayan 'yan makonni sai su haɗe su zama itace guda. Cikin shekara uku ko huɗu ya fara 'ya'ya, irin na uwar reshen sak. Dabino kuma akwai namiji akwai mace, macen ce kaɗai take 'ya'ya. Wanda ya shuka ƙwallo, wajen rabin abin da ya tsiro maza ne. Wanda ya sani kuwa, 'ya'yan gindin mace mai kyau yake cirewa ya dasa.

Na huɗu shi ne adana amfani. Duk kun taɓa ganin kwandunan tumatir suna ruɓewa a kasuwa lokacin da ya yi yawa, bayan 'yan watanni kuma a neme shi a rasa. Ɗalibi yakan koyi lokacin tsinka, da yadda ake zuba kaya don kada na sama su danne na ƙasa, da yadda ake shanya kauɗa a bisa abu mai tsabta maimakon a kan turɓaya.

Akwai wani reshe na wannan ilmi, watau tsara fili da ƙawata gari. Mai wannan sana'a shi ake kira in za a shirya harabar makaranta, ko asibiti, ko bakin titi. Shi zai ce ga inda za a dasa itacen inuwa, ga inda za a bar hanya, ga inda ruwan sama zai bi ya fita. Ya san itacen da saiwarsa take fasa gini, ba ya sa shi kusa da bango. Ya san iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, saboda haka ta nan yake jera itatuwan kariya. Wannan ba ado ba ne kaɗai. Jihar Jigawa tana cikin jihohi 11 na Nijeriya waɗanda hamada take yi wa barazana, suna kuma cikin shirin nan na dasa katangar itatuwa, wanda ƙasashen Afirka suka amince da shi cikin 2007. Kowane dashe da za a kai daji, sai wani ya rene shi tukuna.

Wanda ya gama wannan karatu ba ya rasa abin yi. Wani ya zama malamin gona, yana zaga ƙauyuka yana ba manoma shawara. Wani ya buɗe wurin renon itatuwa yana sayarwa. Wani ya koyar a makaranta, wani kuma ya koma lambun mahaifinsa ya ninka amfaninsa. Mata ma suna shiga, suna kuwa yin fice.

A yawon da nake yi na duba makarantu, nakan tambayi yara abin da suke so su zama. Masu son likita da soja da matuƙin jirgi suna da yawa, amma da wuya in ji mai son lambu. Waɗansu ma gani suke karatu hanya ce ta gudun fartanya. Wannan kuskure ne. Likita da soja da matuƙin jirgi, dukansu sai sun ci miya. In masu ilmi duka suka juya wa fadama baya, wa zai yi maganin tsutsa da kacala da kanwa?

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku fara tun yanzu. Ku kula da lambun makarantarku, ku tambayi iyayenku dalilin kowane abu da suke yi a fadama, ku kuma dage da lissafi da kimiyya. Allah ya ba mu kogi da ƙasa mai albarka, saura masu sanin yadda za a riƙe su.

Tambayoyi

1. Waɗanne koguna ne suka haɗu suka zama Kogin Haɗejiya?
2. Wane amfani da wace wahala madatsun ruwa suka kawo?
3. Don me ba a maimaita tumatir da tattasai a fili guda kowace shekara?
4. Yaya ake auren mangwaro, mene ne kuma amfaninsa?
5. Faɗi kwalejoji uku inda ake koyon aikin gona.

Aiki

Ku zāna taswirar harabar makarantarku, ku nuna inda ya kamata a dasa itatuwa biyar, ku rubuta dalilin zaɓen kowane wuri.