Kafin Ka Sayo wa Tsohon Rali Sabon Kaya

Gidaje da yawa a ƙasar Hausa har yau akwai wani tsohon keke jingine a zaure ko rataye a ɗakin shirgi, tayoyi sun tsattsage, sarƙa ta daskare da tsatsa, amma tambarin zalɓen nan yana nan daram a goshinsa. Rali ke nan, ɗan birnin Nottingham na Ingila, wanda ya karɓu a Najeriya har kamfanin ya kafa masana'anta a Kano. In ka ƙuduri tayar da irin wannan keke, na mahaifinka ne ko a gwanjo ka tsince shi, kankare tsatsa da shafa fenti duk masu sauƙi ne. Inda sabon shiga ke shan wuya shi ne wajen samo kayan da za su zauna daidai.

Don haka kada ka jefar da komai, ko da noti ne da ya ci tsatsa. Kafin ka ɗora sifana, ɗauki hoton kowane sashe da wayarka. Abin da ka kwance ka zuba shi a leda ko gwangwani daban, na gaba daban, na baya daban. Ranar da za ka kasuwa kuma, tsohon ƙarfen ya bi ka a aljihu. Mai shago zai ce maka, "Ai duk ɗaya ne, Malam, zai shiga." Ba lalle yaudararka yake yi ba, kekunan da ya saba gani, Phoenix na Sin da Hero na Indiya, kwaikwayon fasalin keken Ingila ne, a ido kamar an tsaga kara. Sai an zo ɗauri bambancin ke fitowa.

Babban tarkon Rali yana cikin tiredi, wato zanen nan na jikin ƙarfe da noti ke bi yana shiga. Yawancin kekuna suna bin ma'aunin zane 24 a kowane inci. Rali kuwa ya daɗe yana yanka nasa 26, a kofunan da ke riƙe sandar feda da kuma wuyan keke inda kai ke juyawa. Faɗin bakin kusan ɗaya ne, shi ya sa sabon kofi zai fara shiga lafiya lau, zagaye ɗaya, biyu, sannan ya cije. A nan ne mai gaggawa ke ɗauko dogon sifana ya danna, ya cinye tiredin firam ɗin. Kofi ana sayen wani, amma firam in ya lalace a wannan wuri an shiga dogon aiki. Duk abin da ya ƙi shiga da yatsu a zagayen farko-farko, ka tsaya ka binciki dalili.

Gwajin ba ya bukatar na'ura. Haɗa tsohon kofin da sabon gefe da gefe, zane a kan zane, ka ɗaga su wajen haske. In jinsi ɗaya ne za su rungumi juna ba rata. In ba haka ba za ka ga haske yana ɓullowa tsakani. Za ka iya kuma auna tsawon bututun da sandar feda ke ratsawa: milimita 68 shi ne na gama-gari, in ka ga 71 ko 76 to kana hannun tsohon ma'aunin Rali, kuma sandar fedar ma sai ka nemo mai tsawon da ya dace da shi. Ka yi gwajin ko da tambarin Rali ne a jiki, domin na baya-bayan nan sun koma 24.

A ganina ma, sau da yawa ba ka bukatar sabon kofi sam. Ƙarfen wancan zamani yana da tauri. Jiƙa shi a kalanzir, goge, ka shafa farce a hanyar da boris ke bi. In sumul take, ba ramuka, mayar da abinka, ka canja 'ya'yan boris kawai ka cika giris. Da tsohuwar zuma ake magani. Su ma boris ɗin ba girmansu ɗaya ba: na wajen feda da na cibiyar wilin baya rubu'in inci ne, na wilin gaba ƙanana ne, na wuya sun fi su ƙanƙanta. Ƙirga su kafin su watse a ƙasa, a wajen feda 11 ne kowane gefe. Kuma ka sani kofin dama, na ɓangaren sarƙa, a juye yake kwancewa, haka ma fedar hagu. Mutane da yawa sun ɓata yini suna ƙara ɗaure abin da suke zaton kwancewa suke yi.

Sai taya. "28" da "26" da ake faɗa a kasuwa suna ne kawai, ba awo ba. Duba gefen tsohuwar tayar, za ka ga wasu lambobi biyu da ɗan layi tsakaninsu, kamar 40-635. Na biyun shi ne faɗin wilin a milimita, kuma shi ne abin dogaro. Babban keken nan mai birkin sanda, 28 x 1½, shi ne 635. Amma akwai wata tayar da ita ma ake rubuta wa 28, wadda ke zuwa da kekunan gwanjo na Turai, ita 622 ce. Ko ka kwana kana fama ba za ta hau ba. A 'yan 26 abin ya fi muni: tsohon Rali mai 26 x 1⅜ shi ne 590, keken hawan dutse na zamani kuwa 559. In rubutun ya goge, ɗauki wilin gaba ɗaya ka kai shagon a gwada a gabanka. Tif bai cika ba da matsala ba, yana da juriyar miƙewa. Ka dai tabbata bawul ɗinsa ya ratsa hudar wilin, kuma famfonka na kama shi.

In wilin kansa ne ya ruɓe, abubuwa biyu za ka lura da su. Birkin sanda yana jan robarsa ne sama ta danne cikin wilin, gefen inda sifok ke fitowa, saboda haka yana bukatar wili mai shimfiɗaɗɗen ciki. Wilin zamani da aka yi don birkin waya, mai matsewa daga gefe, ba zai yi ba. Sannan ƙirga hudoji. Tsofaffin kekunan Ingila 32 ne a gaba, 40 a baya, alhali abin da ya cika kasuwa yau 36 ne. Wili mai huda 36 ba ya ɗinkuwa da cibiya mai 40.

'Yar ƙusar nan mai gefe ɗaya a fafe, wadda ke riƙe hannun feda a jikin sanda, ita ce ke sa feda ta riƙa yin ƙwas-ƙwas in ta gaji. Ta Ingila kaurinta milimita 9.5 ne, ta Faransa 9. Sayi biyu iri ɗaya, ka sa su suna fuskantar saɓanin juna, in ba haka ba fedodin ba za su miƙe a layi guda ba. Wajen cirewa, sassauta notin har ya yi daidai da bakin ƙusar, tokare hannun fedar da guntun bututu daga ƙasa, sannan ka buga da ƙarfi sau ɗaya. Ƙananan bugu lanƙwasa ta kawai suke yi. Tunda an ambaci Faransa: 'yan'uwa na Nijar, Kamaru da Chadi da tsohon Peugeot ya faɗo hannunsu, nasu ma'aunin daban ne gaba ɗaya, na milimita, har tiredin feda. Ko an samu kayan Ingila a arha, ba na kekensu ba ne.

Mai giya uku yana da sa'a. Cibiyar Sturmey-Archer samfurin AW tun 1936 ake yin ta, kayan cikinta galibi suna shiga juna, kuma an buga shekara da watan da aka ƙera ta a jikinta, wanda zai ba ka hasken shekarun keken. Sau tari ɗigon mai ta 'yar ƙofar da ke jikinta da daidaita wayarta shi ne duk maganinta. Kada ka buɗe cikinta a karon farko.

To ina za a samo kayan? Ni dai na fi yarda da tsofaffin masu gyaran keke na bakin kasuwa, waɗanda suka kama sana'ar tun Rali na tashe. Kusan kowannensu yana da gwangwanin tarkace a ƙarƙashin benci, kuma a ciki ake samun kofi mai zane 26 da babu shi a shago. Je ka gaishe shi da ladabi, "Baba, sannu da aiki," ka miƙa masa tsohon ƙarfen, ka bar shi ya yi magana. Bayan su sai 'yan gwangwan. Mataccen Rali guda, ko da firam ɗinsa ya karye, ya fi maka sabbin kaya cike da leda, domin notinansa, sandunan birkinsa da kofunansa duk jinsin naka ne. Ka riƙe sifana mai daidaitawa in za ka, saboda kawunan notin tsohon keken Ingila a ma'aunin Whitworth suke, sifanan milimita sai su zame su murje musu baki.

Amma kafin ka kashe ko kwabo, gwada abu biyu: sandar sirdi da sandar kan keke suna motsi in an sassauta su? In sun maƙale, zuba musu mai ka bar su su kwana biyu suna sha, ka sake gwadawa. Sannan duba bututun firam kusa da wuya. In ka ga fentin ya tattare ko ƙarfen ya ɗan kumbura a ƙasa, keken ya taɓa yin karo. Irin wannan firam ba a hawansa; shi ne zai zama wanda za ka riƙa cirar kaya a jikinsa, ka nemo wani lafiyayye ka gina.