Abin Da Ke Sa Tsami Da Zaƙi Su Motsa Ciwon Haƙori

Sau da yawa akan ji mutum ya ce tsami ya kashe masa haƙora, ko kuwa ya tauna alewa ya ji zugi ya soke shi har ka. Yawancin mutane sukan ce sanyi ne ko tsutsa. Ba haka ba ne.

Haƙori hawa uku ne. Na waje shi ne farin ɓawo, wanda ya fi kome ƙarfi a jikin ɗan Adam, ba shi kuwa da jijiya. Ƙarƙashinsa akwai wani hawa mai kama da ƙashi, cike da 'yan kafofi masu ruwa, dubbai a wurin da bai kai ƙwayar gero ba. Kafofin nan sun zarce har tsakiyar haƙori, inda jijiya take.

Muddin ɓawo yana nan lafiya, kafofin a rufe suke. Amma lemon tsami, da tsamiya, da lemon kwalba, har da ruwan ciki na mai yawan amai, suna narkar da shi kaɗan kaɗan, kuma abin da ya narke ba ya sake tsirowa. Goge haƙori da toka ko gawayi yana ƙara cinye shi. In dasashi ya janye, saiwa takan fito fili, ita kuwa ba ta da ɓawon ko kaɗan.

To, da zarar kafofin sun buɗe, sukari ko gishiri in ya zauna a bakinsu sai ya jawo ruwan waje. Motsin ruwan nan shi ke taɓa jijiya, mutum ya zabura. Wani likitan haƙori na ƙasar Suwidin, Martin Brännström, ya bayyana wannan a 1963.

Saboda haka ana roƙon Hakimai da malamansu su sanar da jama'a cewa wanda ya sha tsami ya kurkure baki da ruwa, ya dakata kamar rabin sa'a kafin ya yi asuwaki, domin a lokacin ɓawon ya yi laushi. Man goge baki mai sinadarin fulorayid yana ƙarfafa shi.

Zugin da ya wuce nan da nan, da sauƙi. Wanda ya daɗe, ko ya hana barci, ko ya zo da kumburi, alama ce ɓarna ta kai ga jijiya. Kada a cusa asfirin a ramin haƙori, gama yana ƙona dasashi. A tura mai shi asibiti tun haƙorin yana gyaruwa.