Kunyar da ta cinye idon yaro

An kawo shi ɗakin gaggawa da asuba, saurayi ɗan bautar ƙasa da ya dawo hutu daga kudu. Numfashi yake ja mai zurfi da sauri, ƙwayar idonsa a buɗe, ba ta kula hasken tocila. Na tambayi mahaifinsa, "Baba, me ya ci, me ya sha?" Ya ce, "Likita, zazzaɓi ne, an ma yi masa allura." Sakamakon jini ya fito, tsamin jinin ya wuce misali, suga lafiya lau, ba alamar maleriya. Na sake tambaya, aka sake ce mini zazzaɓi.

Sai da na ja abokinsa gefe na ce masa rai ake magana, sannan ya buɗe baki. Ashe a can inda suke hidima sun ɗauki al'adar zagaya wuraren da ake dafa barasar ogogoro a ƙauyuka, suna ɗanɗanawa, wai na gargajiya ya fi na kamfani tsabta. Yaron ya taho da kwalba ɗaya. Ya sha da dare, ya kwana lafiya. Washegari da yamma ciwon kai, amai, ciwon ciki, ya ce yana ganin komai kamar cikin hazo. Aka kai shi kemis. Mai kemis bai yi masa tambaya ko ɗaya ba, ya danna allurar maleriya, ya rataya ƙarin ruwa, ya karɓi kuɗinsa. Mutum ya ce maka ba ya gani, kai kuma ka ba shi maganin zazzaɓi! Wa ya koya maka haka? Abokin yana tsaye a wurin, ya san komai, ya yi shiru don kada Baba ya ji.

Mun ba shi bikabonet, mun samu an yi masa wankin ƙoda. Ya rayu. Jijiyar idon ta riga ta mutu.

Metanol ne. Ba shi da wani wari ko ɗanɗano da zai bambanta shi da barasar da aka saba, kuma ba nan take yake nuna kansa ba. Sai hanta ta juya shi ya zama fomik asid, abin da kan ɗauki awa 12 zuwa 24, wani lokaci fiye. Mililita 10 na iya makantar da mutum, 30 na iya kashe shi. Masu son riba ne ke zuba shi don kaya su yi auki. A 2015 ya kashe mutane a Ode-Irele ta jihar Ondo, har aka fara cewa fushin abin bauta ne, ya kuma kashe gommai a jihar Ribas. A Nuwamban 2024 'yan yawon buɗe ido 6 suka mutu a Vang Vieng ta ƙasar Lawos.

Hukuncin giya a addini kowa ya san shi, malamai na faɗa kullum. Ni aikina shi ne wanda ya riga ya sha. Ku faɗa mana gaskiya. Ba hisba ba ce mu, ba ma kai rahoto gida. Ku faɗa da wuri, tun yana gani.

Ba madara, ba manja, ba sa shi amai, ba "bari ya yi barci ta sake shi". Gwajin kunna wuta a cokali ma shirme ne. Wanda ya sha, ganinsa ya dushe, asibiti mai injin wankin ƙoda za a nufa kai tsaye, a taho da kwalbar, a taho da duk wanda suka sha tare ko da yana cewa lafiyarsa ƙalau. Masu kemis kuma, don Allah, in an ce ido, ku sauke sirinjin nan ku tura shi gaba.