Darasi na 14: Gilashin mota ya yi gumi

I. KARATU

Ranar Litinin ce, cikin hutun ƙarshen watan Disamba. Litinin da Juma'a ne kasuwar Maradi take ci. Tun da asuba Sa'idu da innarsa suka fito bakin hanya a Jiratawa. Za su Tibiri wajen suna, amma sai sun bi ta Maradi.

Ana ɗari sosai. Sa'idu ya sa riga biyu, amma haƙoransa suna ta kaɗawa. Can sai ga motar Kawu Habu, ƙanen Inna. An ɗaure buhunan zogale da kwandunan tumatir a samanta. Kawu ya ce: «Yaya, ina kwana? Ku shigo gaba, ga wuri.»

Mota ta cika maƙil, mutum goma sha takwas. Kowa ya ƙudundune cikin mayafi. Wata tsohuwa ta ce: «Ɗan nan, don Allah a rufe tagogi, sanyi zai kashe mu.» Aka rufe duka, ba a bar ko ɗaya ba.

Ba su yi nisa ba sai Sa'idu ya ga gilashin gaba ya fara dushewa. Da farko daga gefe, sannan abin ya bazu har tsakiya. Kawu ya kunna magogin gilashi. Magogi ya yi ta kai da komowa, amma gilashi bai washe ba. Kawu ya sa tafin hannu ya shafa. Sai wurin ya yi dabbare-dabbare. Wani kamyo ya taho da fitila a kunne, hasken ya watsu bisa gilashi, Kawu bai ƙara ganin komi ba.

Sa'idu yana leƙe ta wani ɗan wuri da ya rage. Sai ya yi ihu: «Kawu, amalanke!»

Kawu ya taka birki da ƙarfi. Mota ta yi ƙara ta tsaya. Mutane suka ɗau salati. Ga amalanken shanu a gabansu, ba fitila, da yara biyu zaune bisa kara. Saura taki uku mota ta same su.

Kawu ya sauka daga kwalta, ya tsai da mota a gefe. Ya yi shiru, sannan ya ce: «Laifina ne. Na san abin yi, amma ina saurin in riga wasu isa kasuwa.»

Ya jawo wani farin tsumma busasshe, ya goge gilashi daga ciki. Ya murɗa wani maɓalli, iska mai ɗumi ta riƙa fitowa daga gindin gilashi. Ya juya wajen tsohuwa ya ce: «Iya, ki yi haƙuri. Za mu buɗe tagogi kaɗan, kamar yatsa biyu. Gara mu ji sanyi mu isa lafiya.»

Tsohuwa ta ce: «Buɗe, ɗana. Sannu ba ta hana zuwa.»

Kafin minti uku gilashi ya washe tas. Suka isa Maradi rana tana fitowa. Kawu ya sauke ƴan kasuwa, ya ɗauki na Tibiri. Har suka isa, tagogi suna buɗe kaɗan, gilashi kuwa bai sake dushewa ba.

Amma wani abu ya tsaya wa Sa'idu a rai. Ba a yi ruwan sama ba tun watanni. Ba wanda ya zuba ruwa cikin mota. To, daga ina ruwan nan ya zo?

II. BAYANI

Da aka koma makaranta, Sa'idu ya ba da labari a aji. Malam ya ce: «Madalla da wannan tambaya. Gani ya kori ji.»

Ya fiddo ƙaramin madubi wanda ya kwana a waje cikin sanyi. Ya ce wa Rabi ta buɗe baki ta hura masa numfashi. Nan da nan madubi ya dushe. Rabi ta ja yatsa a kai, yatsanta ya jiƙe.

Ga abin da ƴan aji suka koya.

1. Akwai ruwa cikin iska. Idan aka shanya riga a rana, ta bushe, ruwanta bai ɓata ba. Ya zama tururi ya shiga iska. Ido ba ya ganin wannan tururi, amma yana nan.

2. Numfashin mutum yana da ɗumi, yana kuma ɗauke da tururi mai yawa. Babban mutum yana fitar da wajen sulusin lita na ruwa ta numfashi a kwana ɗaya. Mutum goma sha takwas cikin mota rufe, kowa yana numfashi: iskar ciki ta cika da tururi.

3. Iska mai ɗumi tana riƙe tururi da yawa. Iska mai sanyi kaɗan take riƙewa. A ɗauki akwati mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, tsayin mita 1, cike da iska:

– a digiri 30, iskar tana iya riƙe wajen giram 30 na tururi;
– a digiri 20, wajen giram 17;
– a digiri 10, wajen giram 9 kawai.

4. A Maradi, cikin Disamba da Janairu, ma'aunin zafi yakan sauko wajen digiri 13 da asuba, wani lokaci ma ƙasa da haka. Gilashin mota yana shan wannan sanyi daga waje. Idan iskar ciki mai ɗumi ta taɓa shi, sai ta yi sanyi. Ba ta iya riƙe tururinta duka. Abin da ya yi saura sai ya koma ruwa, ɗigo ƙanana ƙwarai, ya manne wa gilashi. Ɗigon nan suna watsa haske, shi ya sa direba ba ya ganin hanya.

Haka raɓa take samuwa bisa ganyen salad a garaken Jiratawa da ke kwarin gulbi. Haka kuma ake ganin ɗigon ruwa a ƙarƙashin marfin tukunya. Haka buhun ledar ruwan sanyi yake gumi a hannun mai talla.

Wani yaro ya ce: «Malam, ai hazo ne.»

Malam ya ce: «A'a, a bambanta su. Hazon hunturu ƙura ce busasshiya. Iska ce take kwaso ta daga hamada, da yawanta daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi. Tana kwanciya bisa gilashi daga waje. Gumin gilashi kuwa ruwa ne. Amma ƙura tana taimakonsa, domin ɗigon ruwa sun fi kama gilashi mai dauɗa.»

III. ABIN DA DIREBA YA KAMATA YA YI

Da farko a gane inda gumin yake. A taɓa gilashi da yatsa daga ciki. In yatsa ya bar sawu, gumin na ciki ne. Magogi yana aiki daga waje kaɗai, ba abin da zai yi wa gumin ciki.

1. A rage gudu. In ba a ganin hanya, a sauka gefe a tsaya.

2. A goge da tsumma mai tsabta, busasshe. Kada a goge da tafin hannu, domin maiƙon hannu yana ɓata gilashi.

3. A buɗe tagogi kaɗan, dama da hagu. Iskar hunturu busasshiya ce ƙwarai. Tana shiga, ta kori iskar ciki mai tururi.

4. A juya iskar mota wajen gilashi, a sa ta mai ɗumi. Ɗumin daga inji yake zuwa, don haka sai inji ya ɗan yi aiki tukuna. Idan gilashi ya yi ɗumi, ɗigon ruwa sai su sake zama tururi.

5. In motar tana da na'urar sanyaya iska, a kunna ta tare da ɗumi. Na'urar tana tsotse ruwa daga iska kafin ta hura ta.

6. Akwai maɓallin da yake sa iskar ciki ta yi ta zagaye, ta waje ba ta shiga. Direbobi suna son sa saboda ƙura. Amma in gilashi ya yi gumi, a kashe shi.

7. A gilashin baya na motoci da yawa akwai siraran layuka. Wayoyin lantarki ne. In an kunna su, suna ɗumama gilashi, gumi ya tafi.

Rigakafi ya fi magani. Direban kirki yana wanke gilashinsa ciki da waje, yana ajiye tsumma kusa da shi. Ba ya barin jiƙaƙƙen kaya cikin mota. Da damina ma gilashi yana gumi, in mutane suka shigo da rigunan da ruwa ya jiƙa.

A ƙasashen sanyi kamar Faransa da Kanada, abin ya fi haka. Idan ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 0, ruwan da ke bisa gilashi yana daskarewa ya zama ƙanƙara. Sai direba ya kankare shi kafin ya tashi. Ba a zuba masa ruwan zafi, domin gilashi yana iya tsagewa.

IV. MU GWADA

Kayan aiki: madubi, sabulu, tsumma busasshe.

Da sassafe ku shafa sabulu kaɗan a rabin madubi, ku goge da tsumma har ya yi haske. Ku bar ɗaya rabin haka nan. Ku hura numfashi bisa madubin duka. Wane gefe ya dushe? Sabulu yana sa ruwa ya bazu fale-fale, ba ya taruwa ɗigo-ɗigo. Ku zana abin da kuka gani cikin littafinku.

V. KALMOMI

tururi: la vapeur
gumin gilashi: la buée
raɓa: la rosée
gilashin gaban mota: le pare-brise
magogin gilashi: l'essuie-glace

VI. TAMBAYOYI

1. Daga ina Sa'idu da innarsa suka tashi? Ina za su?
2. Don me aka rufe tagogin mota?
3. Don me magogi bai washe gilashi ba?
4. Wane kuskure Kawu Habu ya ce ya yi?
5. Mene ne bambancin hazo da gumin gilashi?
6. Da dare, me mai amalanke ya kamata ya yi don direbobi su gan shi?

VII. LISSAFI

1. Akwatin iska yana ɗauke da giram 30 na tururi a digiri 30. Iskar ta yi sanyi har digiri 10. Giram nawa za su koma ruwa?
2. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin wajen mita 17 a daƙiƙa ɗaya, wato sakan. Direba ya yi sakan 3 bai ga hanya ba. Mita nawa motar ta ci? Ku auna wannan nisa a filin makaranta da taki.

ABIN RIƘEWA

Akwai tururi cikin iska da cikin numfashi. Idan iska mai ɗumi ta taɓa abu mai sanyi, tururi yana komawa ruwa. Maganin gumin gilashi shi ne tsumma busasshe, iskar waje da ɗumi. Direban da ba ya ganin hanya ya tsaya.

AIKIN GIDA

Ku je wajen wani direba na unguwarku ko na garinku. Ku gaishe shi, ku tambaye shi abin da yake yi in gilashinsa ya yi gumi. Ku rubuta amsarsa cikin layi biyar.