Darasi ga Hakimai da Malamansu: Sanar da Jama'a

Hakimi shi ne bakin Hukuma wurin talakawa, shi ne kuma kunnenta. Wannan aiki shi a ke kira hulɗa da jama'a, ba kuwa baƙon abu ba ne a ƙasar Katsina. A da, in Sarki ya yi umurni, sai takarda ta zo wa hakimi, shi ya aika wa dagatai, su kuma su sa mai shela ya zaga ran kasuwa. A shekarar 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya. Bayan an kafa Hukumar NORLA a 1954, Lardin Katsina ya sami tasa jarida, mai suna Himma.

To, yau labari ya fi mai shela sauri. Kankiya tana kan hanyar Kano zuwa Katsina. Abin da aka faɗa a tasharta da hantsi, kafin azahar ya kai Kusada ta WhatsApp ko Facebook, ko gaskiya ne ko ƙarya.

Kada a ɗauki jita-jita ƙaramin abu. A 2003 magana ta bazu cewa rigakafin shan-inna yana hana haihuwa, har Jihar Kano ta dakatar da shi sai a 2004. Cutar ta sake yaɗuwa, ta ƙetara zuwa ƙasashen da ta riga ta ƙare, yara da yawa suka gurgunce. Sai da sarakuna da hakimai suka shige gaba sa'an nan hankalin iyaye ya kwanta. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka.

Saboda haka kowane malamin hakimi ya kiyaye abu huɗu:

1. Ka riga jita-jita isa. Ran da takarda ta zo, ran nan za ta fita, ta waya da ta bakin mai shela, gama ba kowa ke da waya ba.

2. Kowace sanarwa ta faɗi abin da za a yi, da wuri, da rana, da sunan ofishin da ya aiko ta.

3. Kada ka yi alkawarin abin da ba ya hannunka. In an ce taki zai zo bai zo ba, a fito a faɗi dalili.

4. Ka rubuta kukan da dagatai suka kawo a littafi, ka kai gaba, ka komo musu da amsa.

Hakimin da aka san ba ya faɗin ƙarya a kan ƙaramin abu, shi za a gaskata ran da babba ya taso.