Mota Mai Araha

Bayan kaka, in an sayar da riɗi da gyaɗa, kuɗi sukan shigo hannu. A lokacin nan ne mutum yakan fara tunanin mota. Wani yana so ya riƙa ɗaukar fasinja tsakanin Gwaram da Birnin Kudu. Wani yana so ya riƙa kai kaya kasuwar Sara ko ta Babaldu. Wani kuwa don iyalinsa yake so, in ciwo ya tashi da dare a kai mara lafiya asibitin tarayya na Birnin Kudu, ba sai an je ana buga ƙofar maƙwabta ba. Duk waɗannan bukatu ne na gaske.

To, sai a tafi Kano wurin dillalan motoci. Dila ya nuna mana motoci biyu, iri ɗaya, shekara ɗaya. Mu ce wannan naira miliyan 7, waccan miliyan 5. Muka tambayi dalili, ya ce, "Ai Alhaji, ɗan haɗari ta yi a can, an kuwa gyara." Yau a kan mota ta biyun nan za mu yi karatu. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Miliyan biyun nan da aka rage, akwai abin da ya sa aka rage su, kuma tilas mu san shi kafin mu ƙirga kuɗi.

Daga ina take?

Motocin da aka yi amfani da su a ƙasar waje, mukan ce da su 'yan Beljiyam, domin da can daga wajen Turai aka fi kawo su. Amma da yawa daga cikin Corolla da Camry da Sienna da muke gani daga Amurka suke. Motar Amurka tana da sitiyari a hagu, ta dace da hanyarmu, tun da yake a 1972 Nijeriya ta koma bin dama.

A Amurka yawancin motoci suna da inshora. In mota ta yi haɗari, kamfanin inshora yakan aiko mutum ya duba, ya yi lissafi. A jihohi da yawa, in kuɗin gyara ya kai kashi 75 cikin ɗari na darajar motar, sai kamfani ya ce ba za a gyara ba. Ga misali: mota ta dala 10,000, gyaranta dala 8,000. Sai a biya mai ita, kamfani ya ɗauke motar. Sa'an nan hukuma ta buga wata kalma a kan takardar mallakar motar. Ga kalmar:

SALVAGE

Ku dube ta da kyau. Haruffa bakwai ne. Na huɗun, watau V, ba ya cikin baƙaƙen Hausa da muka koya, ku kwafe shi a littattafanku. Ma'anarta, mota ce da masu inshora suka fid da rai da ita. A yawancin jihohin can ba a yarda a hau hanya da ita ba, sai an gyara, hukuma ta sake dubawa, ta buga wata kalma, REBUILT, watau wadda aka sake haɗawa.

Irin waɗannan motoci gwanjonsu ake yi. Akwai manyan kamfanoni na wannan aiki, kamar Copart da IAA. Ɗan kasuwa yana zaune a Legas ko a Kano sai ya taya ta intanet, a sa masa ita a jirgin ruwa, a sauke a Tin Can ko Apapa. Masu gyaran bodi su buge ta, a yi mata fenti, ta fito tana ƙyalli kamar amarya.

Ba mu ce duk motar da ta bi wannan hanya lalatacciya ce ba. A can ladan makaniki yana da tsada ƙwarai. Abin da zai sa kamfani ya yar da tsohuwar mota, wataƙila ƙofa biyu ne da fitila. A nan kuwa mai gyara zai yi aikin nan da sauƙi. Saboda haka kalmar kaɗai ba ta isa ta gaya mana mu saya ko mu bari ba. Sai mun san inda ciwon yake.

Ciwon fata, ciwon ƙashi, ciwon ruwa

In mun je sayen sa a kasuwa, ba ma tsayawa ga ƙyallin gashinsa. Mukan buɗe baki mu ga haƙora, mu sa a ja shi mu ga tafiyarsa. San da ƙaya ta karce ya warke, ba kome. San da ya taɓa karyewa a ƙafa kuwa, ba ya ja garma. Haka mota take.

Ciwon fata shi ne na ƙofa, ko bamba, ko gilashi, ko jikin da ƙanƙara ta lotsa. Wannan yana gyaruwa sarai. In shi kaɗai ne, mai saye ya yi dace.

Ciwon ƙashi shi ne na shasi, watau ƙarfen da inji da tayoyi da duk jikin mota suke zaune a kansa. Masu ƙera mota sun yi gabanta yadda in an yi karo ƙarfen zai lanƙwashe, ya shanye bugun, mutanen ciki su tsira. Amma fa sau ɗaya yake wannan aiki. In an ja shi da sarƙa, an gasa da wuta, an yi walda, zai miƙe a ido, amma ƙarfinsa na fari ba ya komowa. Irin motar nan takan ja gefe guda, ta cinye taya a ɓangare ɗaya. Ran da aka sake karo kuwa, ba abin da zai tare wa direba da fasinja.

Har ila yau akwai jakar iska, wadda take fitowa daga sitiyari lokacin haɗari ta tare ƙirjin direba. Ita ma sau ɗaya take aiki, sabuwa kuwa tsada gare ta. Waɗansu sukan rufe wurin da babu kome a ciki. Ga yadda za mu gwada. In an murɗa makulli, wata 'yar fitila mai hoton mutum da ƙwallo a gabansa za ta kama, bayan daƙiƙa kaɗan ta mutu. In ta ƙi mutuwa, akwai matsala. In ba ta kama ba ko kaɗan, mai yiwuwa cire ta aka yi don kada ta tona asiri.

Ciwon ruwa ya fi duka ha'inci, domin ba lotsawa, ba karce. A watan Oktoba na 2012 guguwar da aka sa wa suna Sandy ta tura ruwan teku cikin jihohin New York da New Jersey, ta lalata motoci wajen 250,000. A watan Agusta na 2017 wata guguwar, Harvey, ta nutsar da birnin Houston na jihar Texas, motoci fiye da 400,000 suka shiga hannun masu inshora. Irin waɗannan ma gwanjo ake kai su. Mu mutanen Jigawa ba sai an gaya mana aikin ruwa ba, mun ga ambaliyar 2022. Mun san hatsin da ruwa ya shiga rumbunsa, ko an shanya ba ya komawa yadda yake.

Motar zamani cike take da wayoyi da ƙananan na'urori, har da wadda makanikai suke kira ƙwaƙwalwar mota. Ruwa in ya shige su, tsatsa takan ci a hankali, balle ruwan gishiri. Ran ciniki kome yana aiki. Bayan wata biyu gilashi ya ƙi sauka. Bayan wata huɗu giya ta fara gardama. Wata rana da dare ta mutu tsakanin Gwaram da Basirka, makaniki ya canja wannan, ya canja wancan, kuɗi suna ta tafiya, ciwo bai warke ba. Mu dai a ganinmu, motar da ta sha ruwa ba ta da araha, ko nawa aka rage.

Lamba mai ba da labari

Kowace mota tana da lambarta, mai haruffa da alƙaluma 17. Tun 1981 aka daidaita ta haka. Mukan ce da ita lambar shasi. Tana ƙasan gilashin gaba wajen direba, ana ganinta daga waje. Tana kuma jikin ginshiƙin ƙofar direba. A cikinta ba a sa I, ba a sa O, ba a sa Q, don kada a rikita su da 1 da 0.

Na farkon lambar yana faɗin ƙasar da aka ƙera motar. In 1 ne ko 4 ko 5, Amurka ce. In 2 ne, Kanada. In J ne, Japan. In W ne, Jamus. Na goma kuwa shekarar motar yake faɗi. Daga 1 zuwa 9, shekarun 2001 zuwa 2009 ke nan. A tana nufin 2010, B 2011, C 2012, D 2013, haka har gaba. Kun gani? Wanda ya iya ƙirga goma da yatsa a kan gilashi, dila ba ya ƙara wa mota ƙuruciya a gabansa.

Ku kwafe lambar da hannunku. Ku gwada ta gilashi da ta ƙofa da ta takarda. In ko harafi ɗaya ya saɓa, ku yi sallama ku fita. In sun yi daidai, ku ba wani yaro mai waya ya rubuta ta a intanet. Sau da yawa hotunan da aka ɗauka ranar gwanjo sukan fito, a ga motar yadda take kafin a taɓa ta. Akwai kuma kamfanoni, kamar Carfax, masu sayar da tarihin mota da 'yan kuɗi kaɗan. Gani ya kori ji. Dilan da ya hana a kwafi lamba, ya riga ya ba mu amsa.

Wani ɗan abu kuma. Agogon tafiyar motar Amurka da mil yake ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita ɗaya ne da ɗigo shida. In ya nuna 100,000, kilomita 160,000 ta ci.

Ranar dubawa

Ba a cinikin biri a sama. Kada a aika kuɗi saboda hoto. A tafi da rana, kada da magariba. A tafi da makanikin da muka sani, mu biya shi kuɗin motarsa da ladansa daga aljihunmu. Makanikin da dila ya kira, wataƙila yana da rabo a la'ada.

A ɗaga dardumar ƙasa a sansana. A ciro safaya a duba raminta, ko akwai busasshen taɓo. A leƙa ƙarƙashin kujera, ko ƙusoshi sun yi tsatsa. A ja bel har ƙarshensa, sau da yawa shatar ruwa tana nan. Tsohuwar mota mai sabuwar darduma da turare mai yawa, a yi mata tambaya.

A duba tsakanin ƙofa da jiki, ko ratar dama ta yi daidai da ta hagu. A bi ƙofofi da mayen ƙarfe, inda ya ƙi kamawa mai yiwuwa an cika wurin da fila. A kai ta kan rami, makaniki ya shiga da tocila ya nemi sabuwar walda. Sa'an nan a hau titi a tuƙa, a taka birki da ƙarfi, a ji ko tana ja gefe.

Takardar kwastan ma a gan ta. A ranar 1 ga Janairu 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa, irin hanyar Kwatano. Motar da ba a biya mata kuɗin kwastan ba, ana iya kama ta a hanya, ko a hannun wa take.

Lissafi

Yanzu mu koma ga miliyan biyunmu. Mu ce makaniki ya gama, ya ce ciwon fata ne, amma tana bukatar tayoyi, da lagireto, da jakar iska. A rubuta kuɗin kowanne. A ƙara na rajista da na lamba. A tuna kuma, kayan gyaran da babu a Birnin Kudu sai an je Ƙofar Ruwa a Kano, kowace tafiya kuɗin mota ne da yini guda. In an tara duka aka ga ragin da ya saura kaɗan ne, gara lafiyayyar, ko a ƙara haƙuri zuwa kaka mai zuwa. Mutumin da zai juye duk abin da ya noma a kan motar, bai rage na gyara ba, wannan kada ya saya.

Kada kuma mu dogara ga inshora. Wadda doka ta tilasta, a watan Janairu na 2023 aka mai da kuɗinta naira 15,000 ga motar gida. Ita ɓarnar da muka yi wa wani take biya, ba ta gyara tamu motar. Mutumin Amurka da motar ta lalace a hannunsa an biya shi. In ta lalace a hannunmu, asara tamu ce.

In an shirya, a rubuta takardar ciniki gaban shaidu. A sa lambar nan mai 17, a sa kuɗi, a sa irin haɗarin da dila ya ce ta yi. Malamanmu sun karantar da mu cewa bai halatta mai sayarwa ya ɓoye aibin kayansa ba, in kuwa ya ɓoye, mai saye yana da ikon mayarwa. Amma alƙali hujja yake nema. Aibin da aka faɗa muka yarda, ba sauran ƙara a kansa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Ran da mu kuma za mu sayar da ita, tilas mu faɗa wa mai saye, mu rage masa kamar yadda aka rage mana.

Aikin aji

1. Ku rubuta kalmomin nan biyu sau uku-uku: SALVAGE, REBUILT.

2. Dila ya ce motarsa 'yar 2015 ce. Harafi na goma a lambarta C ne. Shekara nawa ya ƙara mata?

3. Lafiyayyar mota naira 7,000,000. Mai ciwo naira 5,000,000. Gyaranta zai ci naira 1,400,000. Nawa ne ragin da ya saura?

4. Gobe kowa ya nemi izinin wani mai mota a garinsu, ya kwafo lambar gilashinta, mu karanta tare.