Yadda Manhajar SAT Ke Warware Matsala

Injiniya mai zana ƙwaƙwalwar kwamfuta da malami mai tsara jadawalin jarrabawa tambaya ɗaya suke yi: akwai hanyar cika dukkan sharuɗɗa lokaci guda? Wannan ce matsalar SAT, wadda Stephen Cook ya nuna wuyarta a 1971. Ga yadda manhajoji irin su MiniSat da CaDiCaL ke tunkararta.

Da farko, a karkasa matsalar zuwa ƙananan batutuwa, kowanne ko dai gaskiya ko ƙarya, a ba shi lamba. Sai a rubuta sharuɗɗan a tsarin DIMACS: kowane layi sharaɗi ɗaya ne, alamar ragi na nufin ƙarya, sifiri kuma na rufe layi. Misali, "1 2 0" na nufin dole 1 ko 2 ya zama gaskiya. A ƙara "-1 3 0" da "-1 -3 0".

Na biyu, manhajar ta yi cinke. A ce ta ɗauki 1 gaskiya ne.

Na uku, ta bi abin da cinken ya wajabta. Layi na biyu ya tilasta 3 ya zama gaskiya, na uku kuma ya ce ƙarya ne. An ci karo ke nan.

Na huɗu shi ne zuciyar aikin. Tsohuwar hanyar Davis da Logemann da Loveland ta 1962 baya kawai take ja, ta juya cinken ƙarshe. Amma tun daga manhajojin GRASP a 1996 da Chaff a 2001, manhajar kan bi sawun karon har tushensa, ta rubuta sabon sharaɗi, a nan "-1 0", don kada ta sake faɗawa wannan ramin. Darasi ɗaya kan toshe ɗimbin hanyoyin banza. Yanzu 1 ƙarya ne, saboda haka 2 gaskiya, sharuɗɗa sun cika.

A ƙarshe, a tantance amsar. Idan ta ce akwai mafita, a gwada ta da kowane layi. Idan ta ce babu, a nemi hujja a rubuce, wata manhajar daban ta bincika. Haka Marijn Heule da abokan aikinsa suka yi a 2016 kan wata matsalar lambobin Pythagoras: hujjarsu ta kai terabait 200, kuma an duba ta kakaf. Irin wannan tantancewar ce ke sa masana lissafi su amince da amsar na'ura.